Kafin Ku Aza Tubalin Farko

Ƴaƴana, takardar da kuka bar mini ranar Juma'a bayan la'asar na karanta ta, na sake karantawa, har na sa jikana ya haska mini fitilar salula na duba zanen da ke shafin ƙarshe. Allah ya yi muku albarka. Kun zauna, ƴan Ƙonni da ƴan Malbaza da ƴan Ilela, kun haɗa kai kuna neman gwamnati ta gina wa masu taɓin hankali wurin jinya a yankinmu. Na yi shekaru ina aikin jinya a gidajen likita na karkara kafin in ajiye, kuma ban taɓa ganin samari sun bar harkokinsu sun taru saboda waɗannan bayin Allah ba sai a kanku. Na ji daɗi ƙwarai.

Amma kun ce in sa hannu, ban sa ba. Na ga fuskar shugabanku ta sauya da na ce ku bar mini ita tukuna. Ɗana, kada ranka ya ɓaci. Da ban ɗauki aikinku da muhimmanci ba, da tuni na dangwala muku hannu kun tafi.

Shafi huɗu kuka cika da lissafi. Buhun siminti kaza, rodi kaza, bandir kaza na kwano, katangar da mutum ba zai iya haurawa ba, ƙofar ƙarfe, ɗakin mai gadi, ɗakunan kwana a jere kamar na barikin soja. Har kun rubuta cewa siminti ba zai ba da wahala ba tunda ga masana'antarsa nan Malbaza a bakin hanya. Haka ne. To sai na bi layi-layi da yatsa ina neman inda kuka sa kuɗin magani na shekarar farko, ban gani ba. Na nemi albashin wanda zai duba marasa lafiyar, da kuɗin ruwa, da na abinci, da na wanda zai yashe masai in ya cika. Ko ɗaya babu. Wanda zai kwana cikin ginin bai fito a takardarku ba sai wuri ɗaya, kuma zan zo kan wurin nan, don shi ya fi taɓa mini rai.

Kada ku zaci ban san buƙatar ba. Mutumin da ɗansa ya rikice a wani ƙauyen Bazaga ko Tajaye ko Dogarawa, in an sha rubutu, an yi ruƙiyya, an je wurin mai magani abin bai lafa ba, hanya uku ce gabansa. Ko ya ratse a mararrabar Tsarnawa ya nufi babban asibitin jiha a Tawa, ko ya miƙe Yamai, tafiyar sama da kilomita 400, zuwa sashen masu taɓin hankali da kowa ya sani da Pabiyon E a babban asibitin ƙasa, ko kuma ya tsallaka iyaka ta Ilelar Najeriya ya bi ta Gwadabawa zuwa Kware, inda gwamnatin tarayyar Najeriya take da asibitin ƙwaƙwalwa kafin a shiga Sakkwato. Mutanenmu da dama Kware suke zuwa, don ta fi kusa kuma bakinmu ɗaya da su. Direban haya kuwa ba ya ɗaukar mai fizge-fizge cikin fasinja, sai an yi shatar mota, an sami ƙarti biyu sun riƙe shi, an sayar da akuya ko buhun albasa an biya. Kun kuma ga abin da ya faru da aka rufe iyaka a Agustan 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Duk wanda maganinsa yake fitowa daga ƙetare ya ɗanɗana kuɗarsa a watannin nan. Saboda haka ina tare da ku cewa dole jinya ta matso kusa da gida. Inda muka rabu shi ne me ake nufi da jinya.

Bari in gaya muku abin da idona ya gani. Wata rana da damina ta kusa, aka zo aka ɗauke ni a kan babur zuwa wani ƙauye. Aka zagaya da ni bayan rumbuna, ga wata ƴar bukka, ga saurayi da bai fi shekara ashirin da biyar ba zaune a ƙasa, ƙafarsa ɗaya cikin turu. Gungumen icce ne aka huda aka zura ƙafar aka buga ƙusa. Idon sawun ya zama gyambo, ƙuda na bi. Mahaifiyarsa na gefensa da ƙwaryar fura, tana ba shi da ludayi kamar yaron goye. Da ta ga ina kallon turun sai ta ce, “Likita, ba ƙi nai nika yi ba. In na sake shi, rijiya za ya faɗa.” Na yi masa allura, na bar musu ƙwayoyi, na riƙa komawa ina wanke gyambon. Ba a yi wata biyu ba aka cire ƙusar. Daminar nan da shi aka yi noma, har uwar ta aiko mini da damin gero. Bayan nan sai maganin ya yanke a ma'ajiyarmu. Na rubuta, na sake rubutawa, wata uku babu. Da na koma ƙauyen na tarar da shi cikin turun nan dai, ƙafa ɗaya dai. Kuɗin ƙwayar da zai sha wata guda bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba. Har yau in na tuna da idon tsohuwar nan barci yana yi mini wuya.

To ku saurara in gaya muku yadda kuɗin gwamnati yake, don na lura wasunku sun ɗauka tulu ɗaya ne ake ɗiba. Aljihu biyu gare shi. Akwai na gine-gine da sayen manyan kaya, akwai na tafiyar da aiki yau da gobe: albashi, magani, man babur, wuta, ruwa, gyaran ƙofar da ta ɓalle. Ƙa'ida ba ta yarda a ɗebi na wannan a zuba a wancan ba don kawai wani ya ga dama. In an ba ku miliyoyin sefa na gini, ko dala ɗaya ba za ku iya sayen ƙwaya da ita ba. Kuma aljihun gini ya fi sauƙin buɗewa, wurin gwamnati da wurin masu ba da tallafi duka, domin gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, ana manna masa allo da sunan wanda ya bayar. Aljihu na biyu ba shi da ranar buki, kuma kowace shekara sai an sake cika shi. Wanda ya roƙi na farko bai ɗaure shi da na biyu ba, kango ya roƙa.

Mun taɓa ganin haka a ƙasar nan. Marigayi shugaba Tandja Mamadu, Allah ya jiƙansa, ya fara shirinsa na musamman a 2001 da kuɗin da aka samu daga sassaucin bashi, aka gina azuzuwa da ƙananan madatsun ruwa da ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, waɗanda suka haura dubu. Aiki ne na alheri, kuma inda aka kai ma'aikaci da magani, yara da yawa sun tsira daga zazzaɓi da zawo. Amma ni da kaina na tsaya gaban wani daga cikinsu, fentinsa bai ko dushe ba, makulli na wurin mai gari. Da aka buɗe mini sai warin kashin jemage ya tarye ni, ga damman gero an jera inda gadon awo zai zauna. Mutanen garin ba su yi laifi ba. Ɗaki suka gani babu kowa, suka ajiye hatsinsu.

Kada kuma ku ce wannan ciwon talaka ne. Amurka ma ta faɗa ramin. A Oktoban 1963 shugaba Kennedy ya sa hannu a wata doka ta gina cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin unguwanni, don a rage tara mutane a manyan gidajen mahaukata. Majalisarsu ta amince da kuɗin gini, ta cire kuɗin ma'aikata. Sai a 1965 aka ƙara shi, shi ma na ƴan shekaru, yana raguwa. Ƙarshenta wajen rabin cibiyoyin da aka yi niyya ne suka tabbata, manyan gidajen kuwa aka yi ta sallamar mutane daga cikinsu, da yawa suka ƙare a bakin titi ko gidan kaso. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi ke nan. Ina ga mu da har yau ba mu cika alƙawarin Abuja na 2001 ba, wanda shugabannin Afirka suka ce za su ba kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu?

Yanzu ga wurin da na ce ya taɓa mini rai. Kun zaɓi fili can bayan gari, kuka rubuta dalili da hannunku: don kada su dami jama'a. Haba ƴaƴana. Su wa? Mai jegon da hankalinta ya gushe kwana goma bayan haihuwa, ba jama'a ba ce? Ɗan makarantar da tramol ya birkita, ba ƙanenku ba ne? Magidancin da ya dawo ci-rani daga Libiya ba ya magana, ba ya barci, da matar da ƴan bindiga suka kashe mijinta gabanta ta gudo da goyo, da yarinya mai farfaɗiya da aka cire daga lakwal don ana tsoron yawunta, duk ɗiyan gidajenmu ne. Na san ba da mugunta kuka rubuta ba. Haka muka taso muna ji, ni ma haka na taso. Amma takardar da za ta shiga ofishin gwamnati da sunan tausayi bai kamata ta ɗauki wannan magana ba. Addininmu ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alƙalami. Mu da aka bar wa namu, a kanmu haƙƙinsa yake.

Ban da wannan, gini a bayan gari yana da illar da ba ku hango ba. Ku dubi yadda sunan Pabiyon E ya zama abin zagi a bakin yara har a nan, alhali wurin jinya ne da ma'aikata ke wahala dare da rana. Ranar da kuka kafa gida na musamman da katanga da ƙofar ƙarfe, ranar za a raɗa masa suna, kuma duk budurwar da aka gani ta shiga ƙofar nan an gama da maganar aurenta. Uwaye sun san haka, don haka ba za su kawo ba sai abin ya ci tura. In kuwa ɗakin yana cikin asibitin gunduma, ta ƙofar da mai zazzaɓi da mai hawan jini suke shiga ita ma za ta shiga, ba wanda ya san wurin wa ta zo. Ga kuma wata hujja ta aiki. Ba duk mai sambatu ne mai taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa haka, sanƙarau yana sa haka, sukari in ya faɗi yana sa haka. Irin wannan mutum awon jini yake buƙata cikin awa ɗaya. In kun kai shi bayan gari inda babu ɗakin awo, kun kulle shi kuna jiran ya huce, gawarsa za ku tarar. A cikin asibiti kuwa akwai ɗakin awo, da wurin magani, da ruwa, da wuta, da mai gadi, da likitan da ke kwana. Duk abin da za ku sake saye da sabon kuɗi a bayan gari, a can yana nan an riga an biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa bai wuce wajen kashi 2 cikin ɗari na kuɗin kiwon lafiya ba, kuma cikin wannan ɗan abin, kusan kashi biyu cikin uku manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ne ke cinye shi. Ku yi tunani a kan wannan. Babban gida in ya tsaya, baki gare shi, kullum sai ya ci, kuma abin da ya ci daga rabon majo, ma'aikacin jinya na ƙauye, aka yanko. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa ƙa'idar a jikin kuɗin kansa. A Amurka, asusun gwamnatin tarayya na jinyar marasa ƙarfi, Medicaid, ba ya biyan kuɗin kwanciyar baligi mai shekara 21 zuwa 64 a gidan jinyar ƙwaƙwalwa da ya wuce gado 16. Su ma suna gardama a kan wannan doka, wasu na cewa ta jawo ƙarancin gado, kuma ban ce mu kwafe ta ba. Abin da nake so ku gani shi ne sharaɗin da aka ɗaura wa kuɗi shi ke zana gini tun mai zane bai ɗauki alƙalami ba. In ba ku rubuta sharaɗin da kanku ba, ɗan kwangila zai rubuta muku nasa, kuma nasa yawan siminti ne.

Akwai wani ɗan Afirka da ya gane wannan tun kafin a haifi iyayenku. Likita Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abekuta, a 1954. Maimakon ya jira a ƙara masa ɗakunan kwana, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, mara lafiya ya sauka gidan mutane tare da wani ɗan'uwansa, da safe ya zo asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muke da zaure a kowane gida da al'adar saukar baƙo, wannan hanya ta fi kusa da halinmu fiye da katanga.

Da ni ne mai rubuta takardar nan, abin da zan roƙa ƙarami ne a ido. Ɗaki biyu ko uku a cikin asibitin kowace gunduma, na maza daban na mata daban, gado kaɗan don wanda ya tashi da ƙarfi ya kwana ƴan kwanaki har ya lafa. Taga babba mai shan iska, don kun san zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano, kuma wasu magungunan nan suna hana jiki jure zafi. Rumfa a waje inda uwa ko mata za ta shimfiɗa tabarma ta dafa abinci, don mara lafiyarmu ba ya warkewa shi kaɗai. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da labule inda mutum zai faɗi abin da ke ransa ba a ji a baranda ba. Sauran kuɗin kuma, wanda ya fi yawa, a nemi a rubuta shi a aljihu na biyu: ma'aikacin jinya da ya karanci wannan fanni, babur da mai don ya zaga gidajen likita na karkara wata-wata, da horar da majo-majo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008, ana ce masa mhGAP, wanda aka yi musamman don ma'aikacin da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba ya iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da rikicewar hankali, ya ba da magani, ya san wanda zai tura gaba. Sannan magani, magani, magani. A rubuta sunayensu da adadinsu da wanda zai sa hannu in sun yanke.

Maganar magani tana da wani ƙulli da ya kamata ku sani. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. Mai taɓin hankali ba ya cikin wannan jeri, alhali ciwonsa na shekaru ne, kuma sau da yawa shi ne wanda ba ya iya neman ko dala. Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun san yadda biyan kuɗin jinyar kyautar nan yake makara daga sama, har akwatin gidan likita ya bushe. A 2024 kuma hukuma ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, talaka ya ji sanyi, na kuma yi murna. Sai dai ku sani, da abin da ke shiga akwatin nan ake sake sayen magani, kuma in akwati ya yi ƙasa, majo zai fara sayen na zazzaɓi ne kafin ya tuna da na farfaɗiya. Ba zan ga laifinsa ba. Shi ya sa nake so maganin ƙwaƙwalwa ya sami layinsa na kansa a rubuce, kada a bar shi ga abin da ya rage.

Sai maganar ƙarfe. A zanenku na ga wasu ɗakuna biyu ƙanana ba taga, an rubuta na masu tsanani. Ɗana mai zane, na san abin da kake nufi, kuma na san akwai daren da mutum ke tashi da ƙarfin da mutum huɗu ba su riƙe shi. Amma ɗakin da ba taga, mai sakata ta waje, turu ne aka yi da siminti. Kun ji abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, da Daura bayan ƴan makonni: ɗaruruwan mutane, manya da yara, da mari a ƙafa, a gidajen da iyaye suka kai su da hannunsu don neman gyara. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta sami shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Uwar da ta sa ɗanta a turu don ba ta da wata dabara, Allah ya ga zuciyarta. Gwamnati kuwa tana da dabara, saboda haka kuɗin jama'a bai halatta ya sayi zobe a daɓe ko sarƙa a jikin gado ba. Ku rubuta wannan ƙarara. Ku rubuta kuma cewa duk wanda aka kwantar ba da son ransa ba, a sa sunansa a littafi da ranar shigarsa da dalili, likita ya sake duba shi cikin kwanaki ƙidayayyu, danginsa su gan shi duk ranar da suka zo. Maƙwabtanmu Najeriya sun zauna da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023, sannan aka sa hannu a sabuwa mai maganar haƙƙin mara lafiya da asusu na musamman. Doka a takarda ba ta kwance mari da kanta, amma tana ba mai magana abin riƙewa.

Wani cikinku ya ce me zai hana a ba malamai ko ƙungiyoyi kuɗin su gina, tunda wurinsu mutane ke fara zuwa. Ban ƙi ba. Malamai ba abokan gabarmu ba ne. Na yi aiki da waɗanda in sun ga abin ya fi ƙarfin tofi su da kansu suke aiko mini da mutum, shi kuma ya ci gaba da shan rubutunsa tare da ƙwayarsa, ba abin da ya ɓaci. Kuma yankin nan ya san amfanin asibitin da ba na gwamnati ba, ga na Galmi nan tun 1950 yana karɓar mutane daga ko'ina. Sai dai duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a, malami ne ko ƙungiya ko ɗan kasuwa, ya karɓa da sharaɗi: ƙofarsa a buɗe ga likitan gunduma ko da ba sanarwa, ba mari, ba duka, ba hana abinci, kuma ginin ba zai koma kanti ko gidan haya ba bayan shekara biyu. Wanda ya ƙi sharaɗin ya bar kuɗin.

Hanyar da takarda ke bi ma ba ku bi ta ba. Kun yi niyyar ku kai ta Yamai kai tsaye wurin wani babba ɗan garinmu. Ko ya karɓa, ƙasa za a sake turo ta. Ma'aikatar lafiya tana da taswirarta ta inda ya dace a yi kowane irin gidan likita, kuma ba ta tura ma'aikaci ginin da ba ta san da shi ba. Ƙonni da Malbaza da Ilela kowace tana da shugabannin lafiyarta na gunduma. Malbaza ma ai sai a 2011 aka yanke ta daga Ƙonni ta tsaya da kanta. Wurinsu za ku fara, su sa abin cikin tsarin aikinsu na shekara. In ta hannun kwamin, wato ƙaramar hukuma, za a nemi kuɗin, sai ya shiga kundin raya kwamin, sannan a iya neman tallafin hukumar ANFICT da aka kafa don zuba wa ƙananan hukumomi kuɗin ayyuka. Fili kuwa, in a cikin asibiti ne kun huta. In a waje ne, kada ku yarda da kyautar baki. A yi takarda gaban hukumar filaye, don na ga ginin jama'a da magada suka tashi a kansa bayan mai kyautar ya rasu.

In an kai ga gini, ku sa ido. Ƙa'idar kwangilar gwamnati ta tanadi karɓar aiki sau biyu, ta wucin gadi da ta ƙarshe bayan an ga yadda ginin ya yi, kuma ana riƙe wa ɗan kwangila wani ɗan kaso na kuɗinsa har sai lokacin. Ku tabbata damina ta bi ta kan rufin kafin a sa hannu na ƙarshe. Tun da aka rushe majalisun kwamin a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, babu zaɓaɓɓen kansila da za ku tare a kasuwa ku tambaya, don haka nauyin ya ƙaru a kan kwamitin kula da gidan likita da kuma irinku. Ku nemi a sa mutum ɗaya cikin kwamitin nan daga gidan da ke da mara lafiya, ko ma wanda ya yi ciwon ya samu sauƙi. Suna nan da yawa, suna noma, suna kasuwa, wasu suna koyarwa. Cikin duk zaman da kuka yi, ko ɗaya ba ku gayyata ba, kuma da kun gayyata da shi zai fara nuna muku ɗakin nan marar taga.

Ga takardarku nan na ba jikana ya kawo muku, na yi alama da jan biro a wuraren da na ambata. Ku raba kanku uku. Ƴan Ƙonni, ƴan Malbaza, ƴan Ilela, kowa ya je wurin likitan gundumarsa da majo biyu ko uku na karkara, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su mutum nawa suke gani a wata, wane magani ke gare su, wane ne ya yanke, tun yaushe. Ku shiga gida biyar da kuka san akwai mai ciwon, ku zauna da uwayen, ku yi shiru ku ji. Sannan ku sake rubutawa, shafin magani da ma'aikaci a gaba, shafin siminti a baya. Ku kawo mini bayan sallar Juma'a ta sama, ina zaure. In na ga layin magani a ciki zan sa hannu, kuma in Allah ya ba ni lafiya da ƙafata zan raka ku ofishin likitan gunduma.